Littafin juye: neman baƙin man da ya dace da sabuwar motar gonarmu

9 ga Nuwamba, 2024

Yau da la'asar aka sauke motar daga tirela a bakin titin Kura, na tuƙo ta da kaina har gona. Honda Pioneer 1000 ce, sabuwa dal, mai kujerar mutum uku da buɗaɗɗen baya na zuba kaya. Yaya ne ya turo ta daga Amurka, inda ake ƙera ta a jihar South Carolina. Shekara biyu ke nan ina yi masa ƙorafin yadda a-kori-kura ke kafewa a hanyoyin da ke tsakanin fangalolin shinkafa, sai an tara majiya ƙarfi kafin ta fito. Yaran gona suna ganinta suka raɗa mata suna 'yar ƙurƙurar Turawa, kuma da alama sunan ya bi ta.

A bayanta akwai katan ɗaya: kwalaben baƙin mai takwas na GN4 10W-30, man kamfanin Honda, filta biyu, da littafin motar. Kwalbar Amurka ba ta cika lita ba, mililita 946 ce, gara in rubuta tun yanzu don kada lissafi ya ruɗe mini gaba. Man nan juye ɗaya zai yi. Daga nan kuma sai abin da na samo a kasuwarmu.

Saƙon muryar da Yaya ya bar mini gajere ne: "Ka ga dai, kada ka bari kowa ya zuba mata man da ya ga dama. Ka karanta littafin tukuna." Shi ya sa na buɗe wannan rubutu. Agogon aikin injin yana nuna ƙasa da awa 1.

12 ga Nuwamba

Dare biyu na yi a kan shafin mai. Abu uku littafin ya nema. Kauri 10W-30. Matakin API, wato ma'aunin ingancin mai na Amurka, na injin fetur, wanda duk wani man kirki na yau ya wuce shi, amma da sharaɗin kada a ga an rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a ƙasan tambarin nan mai zagaye da ke bayan galan. Na ukun shi ne JASO MA, ma'aunin man babura na Japan. Ya kuma hana man da aka ƙara wa molibdenum ko garafait.

Na farkon kowa yana ganinsa a gaban galan, kodayake ba kowa ya san abin da yake nufi ba. Lambar da ke gaban W tana faɗin yadda man ke gudu idan injin ya kwana cikin sanyi. Ƙaramar lamba, saurin isa ko'ina da an yi ki. Lamba ta biyu kuwa kaurinsa ne idan ya ɗauki zafi, a digiri 100 ake auna shi. Mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin kauri, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 daga nan har kusan 22. Wato da zafi, mai 50 yana iya ninka mai 30 a kauri.

Sharaɗi na uku ne ya tsayar da ni, don ban taɓa lura da shi a jikin galan ba duk shekarun da na yi ina kai mota juye. Da na bi diddigi sai na gane dalilin. Wannan mota ba ta da bel irin na takwarorinta na kamfanonin Polaris da Can-Am. Giya shida gare ta masu canza kansu, da kuloci biyu, ɗaya yana riƙe da giya ta 1, ta 3 da ta 5, ɗayan kuma ta 2, ta 4 da ta 6. Kulocin nan biyu a cikin baƙin man injin suke wanka, kuma matsin man ne yake kama su yana sakinsu. Ashe mai ɗaya aiki uku yake yi: ya shafe fistin da ƙarafan injin, ya jure niƙan haƙoran giya, sannan ya bar filet ɗin kuloci su kama juna ba tare da zamewa ba. Man ƙananan motoci na zamani kuwa da gangan ake zuba masa sinadaran ƙara santsi don a rage shan fetur. Abin da yake alheri ga Corolla shi ne zai sa kulocin wannan ya riƙa silif har ya ƙone.

16 ga Nuwamba

Na ɗauko bakanikenmu daga gareji ya zo ya gan ta. Dattijo ne, tun zamanin mahaifinmu shi yake duba mana injinan ban ruwa da tarakta, kuma ban taɓa jin ya faɗi abin da bai gani da idonsa ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi, sannan na miƙa masa kwalba ɗaya. Ya buɗe, ya ɗiga a yatsa, ya murza da babban yatsansa, ya ɗaga hannun yana kallon yadda man ke gangarowa.

"Ɗana, wannan ai ruwa ne," in ji shi. "Na ƙasar ƙanƙara ne. A zafin Kano ka zuba wannan, kafin bazara ta fita injin ya buga. Ka bari in kawo maka 20W-50 mai jiki."

Na ce, "Baba, ni ma da haka na ɗauka. Amma ku dubi nan." Na nuna masa zanen giyabos ɗin a waya, da ƙananan hanyoyin da mai ke bi ya je ya kama kuloci. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wato kulocinta a cikin mai yake, kamar na Boxer?" Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai. "To ashe babur ce mai ƙafa huɗu. Kada man mota ya kusance ta."

A nan muka haɗu. A kan kauri kuwa ba mu haɗu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Injinan da ya shekara arba'in yana buɗewa yawancinsu sun sha wuya kafin su iso hannunsa, ringi ya saki, ƙarafa sun yi gwaɓi, mai kauri ne kaɗai ke toshe ratar ya hana hayaƙi. Sabon inji mai sanyaya kansa da ruwan lagireto, wanda ratar ƙarafansa ba ta kai kaurin gashi ba, wani abu ne daban. Kuma yatsa a inuwar gareji ba zai gaya maka yadda mai zai kasance a digiri 100 ba.

28 ga Nuwamba

Juyen farko, a awa 20 daidai, kamar yadda littafin ya ce: awa 20 ko mil 100, duk wanda ya riga zuwa. Kwashe shinkafar damina ya sa awannin suka cika da wuri.

Mun bar ta ta ɗan yi ɗumi, muka kashe, muka kwance notin juye guda biyu, don man nata a wuri biyu yake taruwa. Na tara a farin baho da gangan. Da na fito da shi rana na karkata, sai ga wani ƙyalli-ƙyalli yana yawo a cikin man kamar an barbaɗa garin kwalli. Gabana ya faɗi. Baba ya sa yatsa ya shafo ƙasan bahon, ya murza, ya ce, "Babu tsakuwa. Sabon inji ne yake goge kansa. Wanda ya bar wannan a ciki har awa ɗari shi ne ya cuci kansa." Kalar man ma ba ta yi baƙi ba, kamar zumar da ta ɗan kwana biyu.

Filta biyu ne, babba ta inji da ƙarama ta kuloci, dukkansu na takarda da ake zurawa cikin gida a rufe da murfi. A jikin kowacce an rubuta OUT-SIDE a gefen da zai kalli waje. Idan aka juya ta baibai mai ba zai wuce ba, inji ya tafi. Na sa yaron Baba ya karanta mini rubutun da bakinsa kafin ya rufe murfin. Ta sha kusan lita 6. Akwai kuma ƙaramin giyabos na biyu, mai kula da giyar ƙarfi da ta gudu da ribas, wanda ke da nasa mazubin daban, shi ma irin man nan yake sha.

Saura ƙiris mu yi ɓarna a ƙarshe. Washegari da safe na zaro geji, injin a sanyaye, na ga man ya yi ƙasa, har na ɗauko kwalba zan ƙara. Allah ya sa na koma littafin. Sai an tayar da ita ta yi 'yan mintoci a sulo, a kashe, a jira minti biyu zuwa uku a wuri mai daidai, sannan a auna, kuma ba a murɗa gejin ciki, ɗora shi kawai ake yi. Da na bi haka sai ga man cif a layin sama.

14 ga Disamba

Yini guda na yi a cikin gari, daga Ƙofar Ruwa zuwa Sabon Gari, ina juya galan ina karanta bayansa, har wani mai shago ya tambaye ni ko daga hukuma nake. Abin da na gani ya kasu uku. Man motoci mai 5W-30 da 10W-30 yana nan birjik, amma kusan duk wanda na juya sai in ga Resource Conserving a ƙasan tambarin, in ajiye. Man babura mai alamar 4T ya fi komai yawa, sai dai 20W-50 ne kusan duka, don shi 'yan acaɓa da masu adaidaita-sahu suke saye. Sai na manyan motocin dizal, 15W-40. Abin da nake nema, 10W-30 mai JASO MA, ban yi ido biyu da shi ba ko sau ɗaya.

Tafiyar ba ta tashi a banza ba, don na koyi karanta alamar. Japanawa ne suka kafa wannan ma'auni a 1998, lokacin da man motoci ya fara yi wa babura santsi da yawa. MA na masu kuloci a cikin mai ne, MB kuwa na baburan da kulocinsu yake a bushe, irin su sikuta, kuma shi bai dace da tamu ba sam. A 2006 aka raba MA gida biyu, MA1 da MA2, na biyun ya fi kamu. Man da aka yi wa rajista da gaske yana ɗauke da wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu a bayan galan, da MA ko MA2 a ciki, a samansa kuma lamba mai farawa da harafin M, sai lambar wayar ƙasar da aka yi rajistar, kamar 081 ta Japan, sai haruffan kamfani. Ana iya duba lambar a jerin da suke wallafawa a intanet. Wasu galan ɗin kuwa rubutu kawai za ka gani cewa man ya kai matakin JASO MA, babu akwati babu lamba. Wannan maganar kamfanin ce a kan kansa. Tana iya zama gaskiya, amma sai ka yarda da mai faɗar.

5 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Kwana uku ba mu ga rana sosai ba, ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama da iska ke ɗaukowa daga wajen Bodele a ƙasar Chadi ta rufe komai. Awa 58.

Na buɗe gidan filtar iska don in leƙa kawai, abin da na gani ya sa na zauna. Ta toshe, ta yi fari fat, kuma a bakin bututun da ke bayanta, inda ya kamata ya kasance tas, na shafo wata 'yar ƙura a yatsa, don murfin bai zauna daidai ba a gefe ɗaya. Na shafe mako shida ina wahalar lambobi a bayan galan, alhali ga yashi yana neman hanyar shiga inji ta gaba. Ƙurar da ta wuce filta tana sauka a bangon silinda, ta gauraya da mai, ta zama abin wasa wuƙa, kuma babu man da ya isa ya hana ta cin ringi komai tsadarsa. Na gyara zaman murfin, na share bututun. Daga yau duk Juma'a da safe ana buɗe ta, har ƙura ta ɗauke.

Sanyin asuba kuma ya nuna mini amfanin lambar farko. Ko da 10W a ciki, idan aka tayar aka ja nan take, canjin giya na farko yakan zo da ɗan fizga. In aka ba ta minti uku sai ta koma lumui. Na tuna da 20W-50 ɗin Baba, na ce da shi ne a ciki da fizgar ta fi haka.

25 ga Janairu

Raina ya ɓaci yau. Wani ya yi mini kwatancen shagon da ake samun 10W-40 na manyan babura, na je, na ga galan mai kyau da sunan kamfanin da kowa ya sani, farashin kuma ƙasa da yadda na zata. Na sayi kwalba shida ina murna. Da na iso gida na murɗa murfin ɗaya sai zoben da ke ƙasansa ya taso tare da shi, bai tsinke ba. Takardar azurfar da ke bakin kwalbar da gam aka liƙa ta, har ga sawun yatsa a gefe. Lambar da ake bugawa a gindin kwalba iri ɗaya ce a biyu, a sauran huɗun babu ita kwata-kwata. Na zuba kaɗan a kofin gilashi, na ga duhu-duhu, da wari kamar na man da ya taɓa shiga inji.

Na mayar. Mai shagon ya rantse shi ma haka aka kawo masa, ya ba ni kuɗina ban da na kwalbar da na buɗe. Ban ja maganar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu baburan da suka sayi sauran katan ɗin, waɗanda da bashi suka ɗauki babur kuma kullum sai sun kai balas.

8 ga Fabrairu

Na yanke shawara, kuma na yi juye na biyu a awa 100.

10W-40 na babura, sintetik, mai akwatin MA2 da lambar da na duba na same ta a jerin. Daga hannun dilan kamfanin kai tsaye na saya, da rasit, katan a rufe. Irin su Motul 7100 da Shell Advance duk suna da 10W-40 mai MA2. Wanda na samu tabbacin asalinsa shi na ɗauka, sunan bai dame ni ba. Jadawalin zafi da ke littafin ya yarda da 10W-40, Honda ma da kanta tana yin GN4 mai wannan kauri. Lambar sanyin ba ta canza ba, ta zafin ce ta ƙaru da mataki ɗaya, kuma ina ganin hakan ya dace da wurin da Afrilu ke kai digiri 40. Akwai wani dalilin: haƙoran giya suna yanka sinadaran da ke riƙe wa mai kaurinsa, don haka man da ya shiga yana 40 yakan fito ya kusa 30. Gara in fara daga 40 ɗin.

Na so in gwada 15W-40 na dizal, don na ga manoman Amurka da yawa suna zuba Shell Rotella a irin wannan mota, kuma shi an rubuta JASO MA a jikinsa. Amma na dizal ɗin da na juya a nan babu wanda ke da wannan rubutu, ni kuma ba zan yi gwaji da kuloci biyu ba. Wani abokina ya turo mini bidiyon da ake yabon 5W-50, sai na ga ashe a kan Polaris ake magana, wadda kulocinta na bel ne, baƙin mai ba ya taɓa shi.

Da Baba ya murza sabon man a yatsa ya ce, "To, wannan ya ɗan fi jiki." Ya ɗaure notin da hannunsa, da sababbin zobban da ake sa wa noti. Man da ya fito babu ƙyalli a cikinsa ko kaɗan. Na juye shi a jarka na rufe. Yaran sun so su ɗiba su shafa wa ginshiƙan rumfa saboda gara, na ba su kaɗan, sauran kuma na ce ko ɗigo kada ya kusanci kwalbatin ban ruwa, don ruwan da ya taso daga dam ɗin Tiga ya wuce ta gonarmu, gonakin mutane da dabbobinsu yake zuwa.

19 ga Afrilu

An gama yankan alkama. Awa 171, mil 790 kacal. Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa da awa za a riƙa yi mata juye: tafiyar hawainiya take yi da lodi, iska ba ta bugun lagireto sosai, fanka tana ta aiki. Bayanta kilo 450 aka yarda ta ɗauka, na ce buhu huɗu, kada a ƙara.

Abu biyu na tsawatar a kai. Na farko, jan lodi a giyar gudu ana tafiya a hankali. Hakan yana sa kuloci ya yi ta gugar kansa, zafin kuma a cikin man yake ƙarewa. In da kaya, ko hawa, ko taɓo, giyar ƙarfi za a sa. Na biyu, barinta a kunne ana lodi. Na tarar da ita tana sulo kusan rabin awa a tsakiyar rana, direban yana inuwa. Na ce masa, "Kai ma ka san ba a barin doki da sirdi a rana." Bai sake ba.

Man bai ragu ba a geji tun Fabrairu. Ya yi duhu, amma ba ya warin fetur, ba ya ƙauri. Canjin giya lafiya lau ko da tsakar rana.

17 ga Mayu

Juye na uku, awa 200, mai iri ɗaya, filta duka biyu. Filtocin Yaya ne ya aiko ta hannun wani da ya zo gida; na roƙe shi ya haɗo na shekara guda, har da ta iska guda biyu.

23 ga Agusta

Ruwan daren Laraba ya cika hanyar da ke bin gefen magudana, direban kuma ya ratsa da ita, ruwa har ya shafi ƙasan kujera. Sai da ya dawo ya gaya mini, yana sunkuyar da kai. Na ce ya kyauta da ya faɗa, don da ya ɓoye da ɓarnar ta fi haka.

Ban bari an sake tayar da ita ba. Na fara da filtar iska: a bushe. Na zaro geji ina addu'a, don man da ruwa ya shiga yakan koma kamar shayi mai madara. Nasa yana nan baƙi, garau. Ƙaramin giyabos ma lafiya. Da muka kwance notin aksul na gaba kuwa, abin da ya fara fitowa ruwa ne tsagwaronsa, kusan cokali biyu, sannan wani abu mai kalar kunun gyaɗa ya biyo baya. Na baya da sauƙi, amma shi ma ya canza kala. Su waɗannan man giya 80W-90 suke sha, shi kuwa ana samunsa ko'ina. Muka juye, muka zuba sabo, aka ɗan zagaya da ita, muka sake juyewa muka zuba wani. Baba ya bi siririn bututun numfashin aksul ɗin da yatsa har ya gano inda ya zame daga maƙalinsa ya faɗo ƙasa, ya mayar da shi sama ya ɗaure.

Awa 268. Ranar Asabar mai zuwa zan sake buɗe aksul na gaba in ga kalar man. Juye na huɗu a awa 300, kuma saura kwalba biyar a katan, sai na ƙaro biyu kafin lokacin.